Gwal ne ko ruwan gwal? Yadda ake tona asirin ƙarfe da sikeli, zare da kofin ruwa

Mai sayen zinare a kasuwanninmu da abu uku yake dogara: ɗan hatimin da aka buga a jikin kaya, launin da ido ya gani, da kuma "wallahi Hajiya" ta mai kanti. Hatimin 750 ko 916 da ɗan guntun ƙarfe ake buga shi, kuma duk wanda ya so zai mallaki irinsa. Launi shafe ne, ana yi wa tagulla shi ta fito tana ɗaukar ido fiye da na gasken. Rantsuwa kuwa, Allah ya sa a kan gaskiya aka yi ta.

Akwai sifa guda da ba a shafa wa ƙarfe ita daga waje: yawan nauyin da ke danƙare a cikin ɗan wurin da ya cika. Masana kimiyya suna kiranta densiti, kuma kowane ƙarfe da tasa lambar. Auna ta a gida ba ya buƙatar komai sai ƙaramin sikeli, ruwa, zare da natsuwa.

Abin da ake aunawa

Ɗauki sirinji ka zuƙi ruwa zuwa layin mililita 1. Nauyin wannan ruwan giram 1 ne, ko ƙasa da haka da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da za a cika wannan wurin da tsantsar zinare, nauyin zai kai giram 19.3. Da dalma ce 11.3, azurfa 10.5, jan ƙarfe 8.96, tagullar da ake haɗawa da tutiya tsakanin 8.4 da 8.7, baƙin ƙarfe 7.9, goran ruwa kuma 2.7 kacal. Ledar fiya wata tana cin mililita 500; da zinare ne a cikinta, da ta haura kilo 9 da rabi, yaro ba zai ɗaga ta da hannu ɗaya ba.

Dubi tazarar da ke tsakanin zinare da sauran. Dalma da ake yi wa kallon uwar nauyi ba ta kai kashi biyu cikin uku nasa ba, tagulla ko rabi ba ta kai ba. Wannan tazara ita ce duk sirrin gwajin.

Sai dai kayan ado ba tsantsar zinare ba ne. Tsantsarsa, wato karat 24, yana da laushi, zobe zai lanƙwashe a yatsa. Shi ya sa ake haɗa shi da jan ƙarfe ko azurfa. Karat 22 na nufin kashi 916 cikin dubu zinare ne, karat 21 kashi 875, karat 18 kashi 750, karat 14 kashi 585. Waɗannan lambobin ne ake bugawa a maƙalin sarƙa ko cikin zobe. Yadda garwaye ke ƙaruwa, haka densiti ke sauka:

Karat 24: wajen 19.3
Karat 22: tsakanin 17.6 da 18.1
Karat 21: tsakanin 16.9 da 17.5
Karat 18: tsakanin 15 da 16
Karat 14: tsakanin 13 da 14.3

Dalilin da ya sa kowanne ke da ƙasa da sama shi ne abin da aka garwaya. Idan jan ƙarfe ya yi yawa, kayan kan yi ja-ja kuma lambar ta yi ƙasa. Idan azurfa ce, launin ya yi haske, lambar ta hau.

Dabarar tsohuwa ce. Ana danganta ta ga Arkimidis na birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, a labarin kambin da sarki ya zargi maƙeri da cakuɗa masa azurfa. Malaman Musulunci ne suka mayar da ita aiki mai lambobi. Albiruni, haifaffen Khwarizm a 973, ya ƙera wani tulu mai ɗan bututu a wuya: ya jefa ƙarfen da ya san nauyinsa, ya tari ruwan da ya malalo, ya auna. Lambar da ya samu ta zinare tana wajen 19. Bayansa Alkhazini, a birnin Marwa wajen 1121, ya bayyana wani mizani mai faranti biyar da ake gane garwaye da shi. Abin da suka sha wahala a kansa, yau sikelin aljihu mai batir yana yin sa cikin minti biyu.

Kayan aiki

Sikelin shi ne jigo. Nemi irin na masu gwal, wanda ke nuna lamba biyu bayan ɗigo, wato 0.01. Na kicin da ake auna fulawa ba zai yi ba sam, domin giram guda-guda yake tsallakawa. Ka duba kuma iyakar abin da yake ɗauka: da yawa ba sa wuce giram 200, don haka kofin gilashi cike da ruwa zai cinye iyakar tun ba a fara ba. Ƙaramin kofin roba mara nauyi ya fi, ko gindin gorar ruwa da aka yanke.

Sai zaren ɗinki siriri, da ɗan sabulun wanke-wanke na ruwa, da tsinken sakace, da kalkuletar waya, da takarda da biro. A rubuta komai. Lambobin awo ba sa zama a kai yadda mutum ke zato. Idan da hali a samo maganaɗisu mai ƙarfi. Wanda ake cirowa daga cikin tsohon hadis (ma'ajiyar bayanai) na kwamfuta ya fi na bayan sifika nesa ba kusa ba, kuma masu gyara sukan jefar da shi.

Ruwan famfo ko na leda ya wadatar, muddin ba shi da gishiri ko laka.

Kafin a taɓa ruwa

Wanke kayan da sabulu da tsohon buroshin haƙori, a goge ya bushe sarai. Man shafawa da dattin da ke maƙalewa cikin zane suna da nauyi kuma suna riƙe iska.

Daga nan kai shi wurin haske ka duba inda ya fi gogayya da jiki: gefen zobe ta wajen tafin hannu, maƙalin sarƙa, ƙugiyar ɗan kunne. Idan an yi masa ruwan gwal ne, a nan shafen ke fara saɓulewa, a ga fari ko ja yana leƙowa. Haruffa irin su GP ko GF kusa da hatimi, maƙerin ne da kansa yake faɗa maka shafe ne ko lulluɓi.

Sai maganaɗisu. Zinare ba ya bin sa, haka azurfa da jan ƙarfe. Duk abin da ya yi tsalle ya manne, an gama magana. Amma a lura da abu biyu. Maƙalin sarƙa yakan ɗan motsa domin akwai siririn sifirin na baƙin ƙarfe a cikinsa, wannan ba aibu ba ne. Na biyu, rashin mannewa ba shaida ba ce, tunda tagulla ma ba ta mannewa, kuma ita ce uwar jabu. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su biya kuɗi.

Awon kansa

Ajiye sikelin a kan tebur mai ƙwari da ba ya girgiɗi, ko a daɓen siminti. Kashe fanka, rufe taga. Iskar fanka kaɗai tana sa lambar ƙarshe ta yi ta rawa, kuma a wannan aiki lambar ƙarshe ce ke yanke hukunci. Kunna sikelin ka bar shi ya zauna a sifili.

Ɗora kayan a bushe, rubuta nauyinsa. Sauke, sake ɗorawa, har ka ga lamba ɗaya tana maimaituwa. Wannan ita ce lamba ta farko.

Zuba ruwa a kofi yadda zai shanye kayan gaba ɗaya har da rara a sama da ƙasa. Tsoma kan tsinke a sabulu ka taɓa ruwan sau ɗaya. Ba kumfa ake so ba, so ake ruwan ya daina ɗaurewa a jikin zare da ƙarfe. Ɗora kofin a sikeli, danna maɓallin da ke mayar da shi sifili.

Ɗaura zaren a jikin kayan. Sauke shi a hankali cikin ruwan har ya nutse duka, amma yana reto a tsakiya: kada ya taɓa gindin kofi, kada ya jingina da gefe, kada wani ɓangare ya leƙo sama. Hannu yakan yi rawa, saboda haka ya fi a gitta fensir a kan tarin littattafai biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, a ɗaura zaren a jikinsa. Littattafan da fensirin kada su taɓa sikeli ko kofi.

Leƙa ta gefe. Za ka ga ƙananan ƙwayoyin iska sun manne a lungunan zane. Kore su da tsinke, ko ka ɗan jijjiga zaren. Idan lambar ta tsaya cak, rubuta. Ita ce ta biyu.

Me sikelin ya auna, alhali kayan bai taɓa shi ba? Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san guga ba ya nauyi sai ya rabu da ruwa. Ruwa yana tallafe duk abin da ya shiga cikinsa da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Yadda ruwa ya tallafi kayan, haka kayan ya danne ruwan, wannan dannewar ce sikeli ya gani. Tunda kuma giram 1 na ruwa mililita 1 ne, lamba ta biyu ita ce girman jikin kayan, kome karkacewar ƙirarsa.

Yanzu raba ta farko da ta biyu. A ce awarwaro ya ba da giram 24.60 a bushe, a ruwa kuma sikeli ya nuna 1.43. Sakamako 17.2, ya faɗa gidan karat 21. Da a ce ya nuna 2.88 ne, sakamako 8.5: tagulla ce da ruwan gwal, ko da hatimi goma aka buga mata. Da ya nuna 1.60, sakamako 15.4, wato zinare ne na gaske amma karat 18. Idan a kan kuɗin 21 aka sayar maka, an ci ka da kusan kashi ɗaya cikin bakwai na zinaren da ka biya. A ganina wannan cutar ta fi jabu tsantsa yawa, domin ba ta tonuwa sai ranar da aka je sayarwa.

Mai son ƙwaƙƙwafi zai iya gyara saboda zafi. Ruwan da ke ma'aunin zafi 30 ya ɗan fi mai sanyi sakwarkwacewa, mililita ɗinsa giram 0.996 ne, don haka a ninka sakamakon da 0.996. Sai 17.2 ta koma 17.1. Ba ya sauya hukunci.

Maimaita awon sau uku, kana shanya kayan da sake mayar da sikeli sifili kowane karo. Kuma kafin ka zargi kowa, gwada hannunka a kan abin da ka sani. Fere guntun wayar wuta mai kauri ka nannaɗe ta: in dai jan ƙarfe ce ya kamata ka samu kusan 8.9. Idan ka samu 8 ko 10, matsalar tana wurin sikelinka ko zarenka. Idan kuwa ta ba ka abin da bai kai 4 ba, to ka gano wani abu dabam: wayar goran ruwa ce aka yi wa rigar jan ƙarfe, kuma akwai irinta a kasuwa.

Ƙaramin kaya, babbar matsala

Ga inda ake yawan tafka kuskure. Zobe mai giram 4.00 na karat 21 ruwan da zai ture bai wuce 0.23 ba. Idan sikeli ya karkata da ɗigo ɗaya ya nuna 0.24, sakamako 16.7, idan ya nuna 0.22, sakamako 18.2. Zobe ɗaya, amsa uku, daga ƙasa da karat 21 har sama da 22. Saboda haka a kan ƙaramin zobe ko ɗan kunne, sikelin 0.01 zai iya gaya maka zinare ne ko tagulla, amma ba zai raba maka 21 da 22 ba. Kada ka je ka tayar da jijiyar wuya a kanti a kan wannan.

Mafita biyu ce. Ko a samo sikeli mai lamba uku bayan ɗigo, ko a haɗa kaya iri ɗaya a auna su tare, kamar awarwaro shida na saiti guda. Daga giram 20 zuwa sama amsar takan zauna. Illar haɗawa ita ce jabu ɗaya zai iya ɓuya cikin nagari biyar, ya ɗan ja lambar ƙasa kawai. Idan ta fito ƙasa da yadda ake zato, a ware su ɗaya-ɗaya.

Inda ruwa ke yin ƙarya

Yakan yi wa na gaske ƙazafi. Awarwaro da yawa da manyan 'yan kunne holoƙo ne, an yi su haka don su cika ido ba su cika sikeli ba. Iskar da ke kulle a ciki tana shiga lissafin girma, sai zinare mai kyau ya ba da 9 ko 11. Ƙwanƙwasa shi da farce, ka kuma auna a hannu: idan girmansa ya fi nauyinsa, wannan gwaji ba nasa ba ne. Haka kayan da aka dasa wa duwatsu, da wanda aka cika cikinsa da wani abu don kada ya lotse. Sarƙa mai saƙa ƙanana tana riƙe iska a kowace gaɓa. A jiƙa ta cikin ruwan sabulu tukuna a motsa sosai, a sake mayar da sikeli sifili, sannan a karanta. Duk waɗannan ƙasa suke jan lamba, ba sa ɗaga ta.

Yakan kuma wanke mai laifi, amma ta hanya ɗaya tak da ta kamata a sani. Akwai ƙarfen da ake kira tangistan, wanda ake yin siririn zaren cikin tsohon ƙwan lantarki da shi. Lambarsa 19.25, ta zinare 19.3, babu kofin ruwan da zai raba su. Ana huda sandar zinare a cusa shi, ko a yi zobe mai kauri da shi a shafe. Sa'ar da aka yi, yana da taurin tsiya kuma ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400, alhali zinare a 1,064 yake narkewa, don haka ba a iya yi masa ƙirar sarƙa mai laushi da zane. Hatsarinsa yana wurin sanduna da tsabobi da zobba lafta-lafta marasa ado. Mai sayen irin waɗannan ya sani ko na'urar da ke haska kaya ta karanto karat fatar sama kawai take gani. Abin da ke tona tangistan shi ne na'urar da ke aika sauti ta cikin ƙarfe, domin sauti ya fi gudu a cikinsa sosai, ko kuma a yanka a gani.

Azurfa

Hanya ɗaya ce. Mai hatimin 925 tana ba da wajen 10.3 zuwa 10.4. Idan a gidanku akwai tsohon kuɗin azurfar nan na Mariya Tereza, sarauniyar Austriya, mai ɗauke da shekarar 1780, wanda ya yi yawo a kasuwannin Sahara da ƙasar Hausa har maƙeran fari suka riƙa narka shi suna ƙera kayan ado, to kana da abin gwaji mai kyau. Nauyinsa giram 28, azurfarsa kashi 833 cikin dubu, a ruwa ya kamata ya nuna kusan 2.75, sakamako wajen 10.2. Wanda ya sha hannu zai ɗan ragu a nauyi, amma sakamakon rabawar ba zai sauya ba.

Azurfa ta fi zinare sauƙin kwaikwayo ta fuskar nauyi, domin dalma ta fi ta, kuza da jan ƙarfe ba su kai ta ba, ana iya haɗa su a daidaita. A nan sai a ƙara da kunne. Ɗora tsabar a kan yatsa ka buga gefenta da wata: azurfa tana amo mai tsawo, garwayen dalma kuwa "ƙwas" yake yi ya mutu. Gwajin ƙanƙara da ake yayatawa, wato a ɗora ƙanƙara a kan tsabar a ga saurin narkewarta, gaskiya ne, azurfa ta fi kowane ƙarfe saurin ɗaukar zafi, amma jan ƙarfe yana biye da ita dab da dab, ido ba zai raba su ba.

Ɗanyen zinare da gari

A wuraren haƙa irin su Anka da Maru a Zamfara, ko Jado a arewacin Nijar, tambayar dabam ce: wannan abin da ke ƙyalli a dutse, shi ne? Abu biyu ke ruɗin baƙo. Ɗaya wani dutse ne mai ruwan tagulla da ke fitowa da kusurwoyi kamar an yanka, ɗayan kuma ɓawo-ɓawo ne mai walƙiya a yashin rafi. Tauri ne ke raba gardama. A ma'aunin da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, farce yana 2.5, wuƙa da gilashi wajen 5.5, daimon 10. Zinare yana tsakanin 2.5 da 3, shi kuwa wancan dutsen ya haura 6. Soka allura: zinare zai lotsa ya bar rami, dutsen ba zai nuna alama ba, ɓawon kuma zai dare. Buga da guduma: zinare ya baje kamar faifai, dutsen ya farfashe ya zama gari. Goga a bayan tayil, inda ba a yi masa santsi ba: zinare ya bar layi rawaya, dutsen ya bar baƙi mai ɗan kore.

Gari ba ya ɗauruwa da zare, sai a koma dabara mai kama da ta Albiruni. Samo ƙaramar kwalba mai siririn wuya, ka yi mata alama a wuyan. Cika ta da ruwa zuwa alamar, goge jikinta, auna. Auna garin dabam a bushe. Rage ruwan, zuba garin a ciki, girgiza iska ta fita, ƙara ruwa da sirinji har alamar, goge, auna. Haɗa awo na farko da na biyu, cire na uku. Abin da ya rage shi ne ruwan da garin ya kora. Raba nauyin garin da shi. Ɗanyen zinare yakan zo da azurfa a jikinsa, don haka daga 15 zuwa 19 ake sa rai. Garin tagulla da 'yan damfara ke gogowa da zarto zai tsaya wajen 8.5. Dunƙulen da aka ƙona daga zaibar da masu haƙa ke kama garin zinare da ita kuwa cike yake da ƙofofi, lambarsa ba abin dogaro ba ce sai an narka shi.

Kada a daka dutsen ma'adini a cikin gida, kada a ƙona zaiba a ɗaki. A 2010, ƙurar dutsen zinare mai gubar dalma da aka riƙa niƙawa a tsakar gidaje ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum.

Bayan an samu lamba

Lambar tana da amfani ko ba ciniki. Nisabin zinare miskali 20 ne, wajen giram 85. Mai giram 100 na karat 18, tsantsar da ke hannunsa giram 75 ce. Mai giram 100 na karat 21 kuma 87.5. Hukuncin na malamai ne, amma gara a kai musu lissafi daidai.

Idan sakamako ya faɗi ƙasa da 12 a kan kaya marar rami marar dutse, an gama, a mayar. Idan ya faɗa gidan da hatimi ya ce, kuma kayan mai ƙira ne, hankali zai iya kwanciya. Wanda ya tsaya a tsakani, ko kuɗin da za a zuba masu yawa ne, a kai wa maƙerin fari ya goga shi a baƙin dutse ya ɗiga asid. Ka ce ya goga da ɗan zurfi a wurin da ba a gani, domin gugar sama shafen kawai za ta kwaso. Asid ɗin yana cin fata da tufafi, a bar shi a hannun masu sana'ar.

Ranar saye kuma, je da sikelinka a jaka, ka sa a auna a gabanka a nasu da naka. A rasit a rubuta nauyi da lamba biyu bayan ɗigo, da karat, da kuɗin giram dabam, kuɗin ƙira dabam, da sharaɗin mayarwa idan gwaji ya saɓa. Idan kayan yana da duwatsu, a rubuta ko an cire nauyinsu, domin ranar sayarwa mai saye zai cire.